Ban Dariya a Littattafan Ƙananan Yara: Abin da Baki ke Iyawa da Abin da Takarda ke Kasawa

Tun daga shekarar 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda ake fara koya wa yaro karatu da Hausa kafin faransanci, akwai tambaya ɗaya da take ta dawowa a bakin malamai: idan yaron ya iya haɗa baƙi da wasali, me zai karanta? An yi ƙoƙari wajen littattafan koyon karatu da na lissafi da na nahawu. Amma littafin da ɗan shekara shida ko bakwai zai ɗauka don kansa, ba tare da malam ya sa shi ba, ya buɗe ya yi dariya, ya rufe ya sake buɗewa, irin wannan yana da wuyar samu a hannun yaranmu. Yanzu da kundin mulki na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, tambayar ta ƙara nauyi. A wannan maƙala za mu duba wani ɓangare nata da ya shafi masanin harshe, wato hanyoyin da Hausa ke bi ta sa yaro dariya, da kuma abin da ke samun waɗannan hanyoyi idan aka ɗauke su daga baki aka sa a takarda.

Da farko ya kamata mu faɗi dalilin da ya sa dariya ta cancanci nazari, domin akwai masu ganin wasa ne kawai, kuma lakwal ba wurin wasa ba ce. Waɗanda suka yi karatu da littattafan Mamadou et Bineta na André Davesne, waɗanda suka yaɗu a makarantun Afirka ta Yamma tun shekarun 1930, sun san yaro yana iya karanta shafi guda da ƙarfi, ba tuntuɓe, alhali bai san abin da ya faɗa ba. Hadda tana iya ɓoye rashin fahimta har shekara biyu ko uku. Dariya kuwa ba ta haddatuwa. Yaron da ya karanta jimla ya ƙyalƙyace a daidai gurbin da ya kamata, ya nuna ya gane kalmomin, ya gane yadda aka jera su, ya kuma gane abin da ya saɓa wa hankali a cikinsu. Babu jarrabawar fahimta da ta fi wannan arha ga malamin da ke da aji cike da yara.

Abin da muka gada

Ba za a ce Hausa ba ta da abin ba yara dariya a rubuce ba. Tun 1885 J. F. Schön ya buga Magana Hausa. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku, a 1913 kuma Rattray ya buga tatsuniyoyin da wani malami, Malam Shaihu, ya rubuta masa da ajami a ƙasar da ake kira Gana a yau. Sai dai waɗannan an tara su ne domin Turawa masu koyon harshe da masu nazarin al'adu, yaron Bahaushe bai zo cikin lissafinsu ba. Abubakar Imam ne ya fara rubuta ban dariya da nufin a karanta shi a makaranta, da Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar 1933, sa'an nan Magana Jari Ce tsakanin 1937 da 1939. Har gobe ana dariyar yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna ƙeta. Amma Hausar Imam ta wanda ya riga ya ƙware ce: jimloli masu tsawo, karin magana a kan karin magana, shafi cike da rubutu. Ɗan aji biyu ba zai iya hawa wannan tudu ba. Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, a farkon shekarun 1970, sun fi kusa da ƙananan yara. A wannan gefe na iyaka kuwa, Bubu Hama ya rubuta wa yara labarai da dama, waɗansu tare da Andrée Clair, amma da faransanci, kamar yadda Senghor da Abdoulaye Sadji suka yi da labarin zomo Leuk a 1953.

Saboda haka babbar rijiyar da za a ɗebo daga ciki ita ce dai tatsuniya ta baka. To amma tatsuniya aba ce ta dare, ta murya, ta taro. Al'ada ma ta hana yin ta da rana. Mai tatsuniya tana da fuska da hannu da maƙogwaro, tana da masu sauraro da ke amsa mata tun daga "ga ta nan ga ta nanku" har zuwa "ƙurunƙus". Littafi kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya ɗauki tatsuniya a rakoda ya kwafe ta kalma bayan kalma zai yi mamakin yadda ta mutu a kan takarda, domin rabin dariyar tana cikin abin da alƙalami bai kama ba.

Tsamin bakin Gizo

Mu fara da Gizo, tun da shi ne sarkin tatsuniya. Kafin Gizo ya yi wata dabara, furucinsa kaɗai ya isa ya sa yara dariya. Masu tatsuniya suna ba shi tsamin baki mai tsari: r takan koma y, s takan koma sh, ts kuma ta koma c. Sarki ya zama "shayki", saurayi ya zama "shauyayi", tsoro ya zama "coyo". Wannan ba kwamacala ba ce, ƙa'ida ce da za a iya rubuta ta kamar kowace ƙa'idar sauti, kuma ta yi kama da yadda ƙaramin yaro ke magana kafin harshensa ya nuna. A nan asirin dariyar yake. Ɗan shekara shida bai daɗe da barin irin wannan furuci ba, ga ƙanensa nan yana yi. Idan ya ji ƙato mai mata, mai zuwa fadar sarki, yana magana kamar ɗan yaye, sai ya ji shi ne babba.

Yaya za a rubuta shi? Malamai da yawa suna tsoron idan yaro ya ga "shayki" a littafi zai riƙe shi ya riƙa rubuta haka. Tsoron yana da tushe ga wanda bai gama rarrabe s da sh ba. Amma a ganinmu maganin abin yana cikin jeri: a bar mai ba da labari, ko Ƙoƙi, ya fara faɗin kalmar daidai a layin sama, sa'an nan Gizo ya ɓata ta a layin ƙasa. Yaron da ya ga sarki da "shayki" kusa da juna dole ya duba harafi-harafi kafin ya gane inda aka yi wasan, kuma wannan dubawa ita ce ainihin darasin karatu.

Akwai wani tarko da marubucin da ya tashi a gabas ba zai lura da shi ba. A karin harshen yamma, kamar na Adar da Ƙonni, ts takan zama wani sauti mai kama da c a gaban i da e, a maganar manya masu lafiyayyen baki. Idan aka rubuta Gizo yana yin wannan sauyi a gaban waɗannan wasula, yaron Tawa ba zai ga abin dariya ba, zai ga maganar gidansu ce aka sa a bakin wawa. Gara a zaɓi misalan Gizo daga sauyin r da s, waɗanda kowane yanki zai ji su a matsayin tsamin baki.

Amsa-kama

Hanya ta biyu ita ce amsa-kama, wato kalmomin da ke zana motsi ko ƙara ko kama da sautinsu. Kura ba ta faɗa rijiya haka kawai, sai ta faɗa tsundum. Ta fito tsamo-tsamo, ta zauna ɗaɓas, ta ji motsi ta miƙe zumbur, ta tafi buguzum-buguzum. A cire waɗannan kalmomi biyar, labarin yana nan, amma kurar ta ɓace. Ta fuskar nazarin sauti, amsa-kama tana da halin da ya raba ta da sauran kalmomin Hausa: yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, ita kuwa sau da yawa da baƙi take ƙarewa, kamar wuf, cak, sumul, kwatsam, kuma akan furta ta da murya sama da ta sauran jimla. Shi ya sa take faɗowa a kunne kamar dutse a cikin ƙwarya.

Ga mai shirya littafin yara wannan dukiya ce ta fuska biyu. Ta farko, gaɓa mai rufe da baƙi tana daga cikin abin da ke ba mai koyon karatu wahala, ga shi amsa-kama ta kawo ta cikin sigar da yaro ke so ya maimaita. Ta biyu, ɗagin muryar da rubutu ba ya nunawa ana iya mayar da shi da girman harafi: a bar amsa-kama ita kaɗai a layinta, da manyan haruffa, ko a sa ta a bayan shafi. Abin takaici, masu gyaran rubutu da suka saba da faransanci sukan ga waɗannan kalmomi kamar ƙauyanci, su share su, su bar jimla tsaf kamar rahoton ofis.

Inda rubutunmu ya yi shiru

A nan ne matsalar ta fi zurfi. Hausa tana bambanta kalmomi da tsawon wasali da kuma karin sauti, amma ƙa'idojin rubutun da ake bi a yau ba su nuna ko ɗaya. Gari na mutane da gari na tuwo, tsawon wasalin farko ne kaɗai ya raba su. Kuka na hawaye da kuka ta miya, karin sautin gaɓar ƙarshe ne. Wuya ta wahala da wuya na jiki, hawa da saukar murya ne suka yi musaya. Fari kuwa yana iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko jam'in fara, ko somawa.

Mu ƙaga misali. Ƙoƙi ta ce wa Gizo ya je ya kawo mata gari za ta yi tuwo. Gizo, don ragwanci ko don ƙeta, ya je ya ɗaura igiya a ganuwa yana ja, yana cewa ai gari aka ce ya kawo. A baki, mai tatsuniya za ta ja wasalin a bakin Ƙoƙi ta gajarta shi a bakin Gizo, yara su ji saɓanin nan take. A rubuce kalmomin biyu sun zama ɗaya, kuma yaron da ke karatu gaɓa-gaɓa ba shi da abin da zai gaya masa wadda ake nufi. Babba yakan cike giɓin daga ma'anar jimla, domin idonsa ya riga ya tsallaka gaba. Mai koyo idonsa yana kan harafin da yatsansa ke nunawa.

Ƙasarmu ta taɓa gwada wata hanya. Bayan taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta shirya kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma, an yi shekaru a Nijar ana ninka wasali don nuna tsawonsa, kamar yadda sunayen jaridun yaƙi da jahilci irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii ke shaidawa. Daga baya, musamman bayan taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980, an koma ga rubutu bai ɗaya da na Nijeriya. Ba mu ce a koma baya ba, domin haɗin kan rubutu tsakanin ƙasashen biyu shi ne ke ba littafin da aka buga a Maraɗi damar sayuwa a Katsina. Amma a littafin ƴan aji ɗaya da biyu babu laifi a sa alama a kan kalmomi biyu ko uku da dariyar ta rataya a kansu, ko kuma a bar hoto ya ɗauki nauyin: ƙwaryar gari a hannun Ƙoƙi a shafin dama, ganuwa da igiya a na hagu.

Akwai kuma wasan da rubutu ke iya ɗauka ba tare da wata alama ba, kuma ba a cika amfani da shi ba, wato sauye-sauyen aikatau. Saya, sayo, saye, sayar, duk tushe ɗaya ne, harafi ɗaya ko biyu ke juya ma'anar. A aiki Gizo ya sayo akuya, ya je ya sayar da wadda ke gida. A ce ya fito, ya fita. Yaron Bahaushe ya mallaki wannan tsari tun kafin ya shiga lakwal, bai dai san ya mallake shi ba, kuma irin wannan labari shi zai fara nuna masa cewa ƙarshen kalma yana da aiki.

Duniyar da aka kifa

Bayan dariyar sauti akwai dariyar ƙaga abin da ba ya yiwuwa. Marubucin Rasha Kornei Chukovsky, a littafinsa kan maganar ƙananan yara da ya fara fitowa a 1928, ya kare irin waƙoƙi da labaran da ke kifa duniya, a lokacin da waɗansu masana tarbiyya ke cewa suna rikita hankalin yaro. Hujjarsa ita ce yaro ba ya dariyar abin da aka kifa sai ya riga ya san yadda yake a miƙe. Wanda ya yi dariya don an ce kaza ta sure shaho, ko raƙumi ya ɓuya a cikin tulu, ya tabbatar wa kansa ne cewa ya san girman raƙumi da halin shaho. Ingilishi sun daɗe da buga irin wannan, tun daga waƙoƙin shirme na Edward Lear a 1846 da Alice ta Lewis Carroll a 1865. Mu kuma muna da namu a labaran gasar ƙarya, inda kowa ke ƙoƙarin shara wadda ta fi ta ɗan'uwansa, da kuma kacici-kacici, wanda shi ma suranta abu ne ta hanyar da ba a zata ba.

Wani darasi daga waje shi ne na ƙayyade kalmomi. Ba'amurken nan Dr. Seuss ya rubuta The Cat in the Hat a 1957 da kalmomi 236 kacal, sa'an nan Green Eggs and Ham a 1960 da kalmomi 50, kuma ƙuncin da ya sa kansa a ciki shi ya haifar da maimaicin da yara ke so. Tsarin tatsuniyarmu ya riga ya dace da haka: a gamu da akuya a yi mata tambaya, a gamu da jaki a yi masa ita, a gamu da raƙumi, jimlar ba ta sauya ba sai suna ɗaya. Yaro yana karanta ta uku da sauri don ya san ta, ta huɗu kuma sai a karya masa tsammani. Sai dai fassara irin waɗannan littattafai kai tsaye ba ta cika yin armashi ba, domin dariyarsu tana cikin amon kalmomin harshensu. Tsarin ake ara, a zuba kayan gida.

Maganar karin harshe ba za mu tsawaita ta ba. Muryar mai ba da labari ta bi daidaitacciyar Hausa, "suka" da "ne" da "ce" da "tafi". Amma idan tsohuwa a cikin labarin ta ce "sunka tahi", ko ta ce "shi na", a bar mata abinta, muddin ba a mayar da karin harshen ya zama alamar wauta ba.

Mai zane da mai gyara

Mai tatsuniya ba ta taɓa fuskantar tambayar ko Gizo mutum ne ko gizo-gizo. Yana noma, yana aure, yana sa riga, sa'an nan idan asirinsa ya tonu ya haye rufin ɗaki. Kowane yaro yana da nasa Gizon a ka. Mai zane kuwa dole ya yanke hukunci, kuma da ya yanke, ya yanke wa dubban yara. Haka Dodo, wanda tsoronsa ya dogara ga rashin sanin kamarsa. Mun fi son zanen da ya bar ƙofa a buɗe: Gizo da hula da ƴar shara amma ƙafafu sirara sun yi yawa, Dodo kuma a nuna inuwarsa ko ƙafarsa ɗaya. Wani aikin mai zane shi ne ya ƙaryata rubutu. A ƙasa an rubuta cewa Gizo ya rantse bai ga naman ba, a sama ga ƙashi yana leƙowa daga aljihunsa. Yaron da bai iya karatu sosai ba shi zai fara ganin ƙashin, ya riga babban da ke karanta masa, kuma wannan nasara tana daga abin da ke sa ya ce a sake. Buɗe shafi ma yana da aiki, shi ne ke tsayawa a madadin shirun da mai tatsuniya ke yi kafin ta saki maganar.

Mai gyara shi ma yana da jarabarsa, wato liƙa wa'azi a ƙarshen kowane labari. A tatsuniyoyi da yawa Gizo yakan ci bulus ya tsere, kura ce ke shan duka. Yara sun san ƙarya ba kyau, ana gaya musu safe da yamma, kuma jin daɗin Gizo yana cikin ganin ƙaramin da ba shi da ƙarfi ya kayar da zaki da giwa da baki kawai. Idan aka tilasta masa tuba a shafin ƙarshe, an ba yaro labarin da ya san ba haka kakarsa ke ƙare shi ba.

Inda ya kamata mai gyara ya sa hannu shi ne dariyar da ake yi a kan makaho da kurma da gurgu, da kuma a kan ƙabila. Wasan taubasai, wanda UNESCO ta sa na Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014, yana da sharaɗi: Bafillace da Babarbare suna tsokanar juna ido da ido, kowa yana da bakin ramawa, kowa ya san iyakarsa. Littafi ba ya karɓar ramuwa. Idan aka buga labarin da wawan cikinsa ɗan wata ƙabila ne, aka raba shi a ajin da ke Damagaram ko Tawa inda ƴaƴan Hausawa da Fulani da Abzinawa da Barebari ke zaune a benci ɗaya, yaro ɗaya zai sunkuyar da kai sauran suna dariya, kuma sunan zai bi shi har filin wasa. Tatsuniya ta riga ta tanadi kura domin wannan aiki, kuma kura ba ta da ɗa a aji.